Hurumin Gari Da Haƙƙin Maƙwabtan Da Ba Sa Kai Ƙara: Darasi Daga Ƙasar Agiye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsiro iri-iri domin mutane da dabbobinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda aka aiko rahama ga dukkan talikai, da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya san babbar hanyar kwalta da ta ratsa Gidan Runji da Tsibiri, ta bi ta Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa, ya san garuruwan da ke bakinta suna ta faɗaɗa. Inda ake noma gero shekarun baya, yau an yanka filaye an kafa duwatsun iyaka. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin jama'a ta ƙaru. Ƙidayar 1988 ta sami mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 7, ta 2012 kuwa ta same su sun wuce miliyan 17, kuma jihar Maraɗi kaɗai tana da fiye da miliyan 3 da dubu 400 a lokacin. Kowane saurayi da ya yi aure yana bukatar ɗaki, kowane magidanci yana son inda zai suturta iyalinsa, kuma shari'a ba ta zargin kowa a kan haka.

Abin da ya kamata ɗan ɗarika ya tsaya ya duba shi ne yadda ake ginin. Sau da yawa, wanda ya sayi fili, kafin ya kira magini sai ya fara kiran mai gatari. A kayar da gawo, a tone kalgo da sabara, a ƙone kututture, a mayar da wurin fili fetal, sannan a fara auna tushe. Maƙwabcinsa ma ya yi haka, har unguwa ta cika babu inuwar da tsoho zai zauna, babu reshen da kurciya za ta sauka. Shin wanda yake neman kusanci da Allah safe da yamma yana da wani ladabi na dabam a nan? Amsar malamai ita ce yana da shi, kuma ƙasar Agiye kanta hujja ce a kan haka.

Fili yana da mazauna kafin zuwan mai gini

Abu na farko da muridi zai gyara shi ne kallonsa. Mai sayar da fili yana cewa wurin babu kowa, amma Alƙur'ani bai siffanta ƙasa haka ba. A Suratul An'ami, Allah Ya bayyana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda mutane suke al'umma. A Suratul Isra'i Ya sanar da cewa babu wani abu face yana yi maSa tasbihi, mutane ne dai ba sa fahimtar tasbihin. A Suratul Hajji kuma Ya lissafa itatuwa da dabbobi cikin masu sujada, tare da rana da wata da taurari da duwatsu.

Ma'abota zikiri su ne suka fi cancantar su ji nauyin wannan. Wanda ya idar da lazimin safe, ya ji kukan kurciya a kan magaryar da ke bayan ɗakinsa, ya sani ba shi kaɗai ke ambaton Allah a wannan sa'a ba. Ranar da ya sare magaryar ba tare da bukata ba, ya rage masu tasbihi a gidansa da hannunsa.

Sunna ta zo da wannan a fili. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi daga cikin annabawa wanda tururuwa ta cije shi, sai ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya, Allah Ya yi masa wahayi na zargi saboda ya halaka al'umma mai tasbihi a kan cizon guda ɗaya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Haka nan labarin kututturen dabinon da yake jingina da shi yana huɗuba sananne ne ga kowane masoyi: da aka yi masa mumbari ya koma kansa, kututturen ya yi ta kukan bege har sai da ya sauko ya rarrashe shi. Wanda ya yi imani da wannan labari ba zai ƙara kallon icce a matsayin itacen wuta kawai ba.

Abin da ya faru a ƙasar Agiye

Dattawan Agiye da Gazawa da Gidan Runji sun ga zamanin da ƙasa ta tsiraita. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa, na 1984 kuma ya zo da yunwar da har yau ake ba da labarinta. Amma ba fari kaɗai ya share daji ba. Akwai noman gyaɗa da ya faɗaɗa gonaki, akwai koyarwar da ta nuna wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda babu ko icce ɗaya a cikinta, akwai kuma dokar daji tun ta zamanin Turawan Faransa, wadda ta mayar da itatuwa mallakar hukuma. Manomi yana iya biyan tara saboda ya sare reshen iccen da ya tsiro a gonarsa ta gado. Da mutane suka ga icce ya zama sanadin shiga hannun ma'aikatan daji, sai suka riƙa tuge shi tun yana ƙarami. Sakamakon haka iska ta samu hanya, tana binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata kuma suka riƙa tafiya mai nisa neman makamashi, wasu suka koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

A shekarar 1983, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa. Ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara kafin damina ba ciyayi ba ne, toho ne na itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama icce, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani. Magabata sun koyar da cewa hikima kayan mumini ce da ta ɓata masa, duk inda ya gan ta ya ɗauka, kuma asalin wannan ilimi ba baƙo ba ne ga manoman ƙasar Hausa, an dai yi sakaci da shi ne.

Da farko an yi wa masu yin sa dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazantu. Wasu sun karɓa ne saboda abincin agaji da aka haɗa da aikin a lokacin yunwa, da agajin ya ƙare suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka yi haƙuri su ne suka fara ganin amfani, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agiye ya yi suna a wannan fage. Mutanensa sun kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa maza da mata, manoma da makiyaya, suka yi wa kansu dokoki kan saran icce, har suka kai ga buɗe kasuwar itace ta ƙauye daga rassan da suke datsewa. Ayyukan raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa a Agiye sun taimaka wajen yaɗa wannan tsari zuwa wasu ƙauyuka. Hukuma ma ta sassauta: an yi dokar karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa.

Masu bincike da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Mafi yawansu ba dashe ba ne, na asalin ƙasar ne: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, bagaruwa, kuka. A 2018 an ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, amma hannuwan da suka riƙe adda na talakawan karkara ne waɗanda babu wanda ya rubuta sunayensu sai Mala'iku.

Gawo kaɗai ya isa abin lura ga mai tunani. Yana zubar da ganye da damina lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke bukatar inuwa, 'ya'yansa abincin awaki ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ta fi ta gefe albarka. Saboda sanin haka ne sarakunan Damagaram na da suka kafa hukunci mai tsanani ga mai sare shi.

Abin takaici shi ne, iccen da aka ɗauki shekara ashirin ana rainonsa a gona, rana ɗaya ake kayar da shi idan gonar ta shiga cikin gari. Abin da manomi ya koya da wahala, mai gini yana neman ya manta da shi.

Kututture da zuciya

Ga ma'abota tarbiyya, akwai ishara a cikin sassaben zamani. Ƙasar da kowa ya ɗauka ta mutu, ashe rayuwa na nan ɓoye a cikinta, gatarin shekara-shekara ne ya hana ta bayyana. Haka zuciyar ɗan Adam take. Fiɗirar da Allah Ya halicce ta a kai ba ta mutuwa, gafala ce ke sassabe ta duk lokacin da ta yi toho. Aikin shehi mai tarbiyya ya yi kama da na manomin Ɗan Saga: ba ya kawo wata zuciya daga waje ya dasa, yana duba abin da ke akwai ne, ya datse rassan son zuciya da suka yi yawa, ya bar wanda ya miƙe ya nufi sama. Wanda aka yi wa irin wannan raino, aka yi haƙuri da shi shekara da shekaru, bai dace ya zama marar haƙuri da sauran halittu ba. Alamar cewa zikiri ya ratsa mutum tana bayyana a mu'amalarsa da wanda ba zai iya kai ƙararsa wurin kowa ba.

Hurumi a shari'a da al'ada

Barin sarari a kewayen mazauni ba sabon tunani ba ne da ya zo daga Turai. Kalmar hurumi da Hausawa ke amfani da ita daga Larabci ta samo asali, kuma babi ne sananne a fiƙihun Malikiyya. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an bayyana cewa gari yana da haraba da ta haɗa da wurin da mutanensa ke yin itace da wurin da dabbobinsu ke kiwo, rijiya tana da tata, icce ma yana da tasa, kuma ba a yarda wani ya mallake wannan haraba ya cutar da jama'a ba. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukunce-hukuncen ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, inda ya tattauna irin waɗannan mas'aloli domin mutanen ƙasar Hausa. Daga nan ne garuruwa suka gaji hurumi, da burtali, da mashaya, da makiyaya.

Asalin wannan yana Madina. Manzon Allah (SAW) ya sanya Madina ta zama harami kamar yadda Annabi Ibrahim (AS) ya yi wa Makka, ya hana sare itatuwanta da farautar namun da ke cikinta. Ke nan birni ne da mutane ke zaune, suna kasuwa suna noma, amma icce da tsuntsu suna da aminci a cikinsa. Ya kuma keɓe wurin da ake kira Naƙi'i ya zama makiyaya ta maslahar jama'a, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza da Sharaf a bayansa.

Da aka zo kafa birnin Kufa a zamanin Sayyidina Umar, a hannun Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA), malaman tarihi sun ambaci cewa an fara da masallaci, aka sa maharbi ya harba kibiya ta kowace fuska, aka hana gini a cikin abin da kibiyar ta kewaye. An ƙayyade faɗin manyan hanyoyi kamu 40, lunguna kuma kada su gaza kamu 7. Hadisi ma ya zo da cewa idan aka yi saɓani kan hanya, a sanya faɗinta kamu 7. Sahabbai ba su ɗauki sarari a matsayin asarar fili ba. Kuma a cikin abubuwan da hadisi ya lissafa na jin daɗin rayuwar mutum akwai mazauni mai yalwa da maƙwabci nagari.

Tsohon gidan Bahaushe a karkara ya tafi a kan wannan tsari ko da mai shi bai yi karatu ba. Akwai tsakar gida mai faɗi, akwai icce da mata ke daka a ƙarƙashinsa, akwai turken akuya, akwai rumbu, bayan gida kuma akwai 'yar gona. Shamuwa takan zo gab da damina ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, yara su san an hana taɓa ta, manya su fara gyaran gona domin ta kawo bushara. Garin da ya sare manyan itatuwansa, shamuwa ba ta da masauki a cikinsa.

Cewa namun daji ba za su iya zama kusa da mutane ba, raƙuman dawa na yankin Kure, gabas da Yamai, sun ƙaryata shi. Ba a cikin shinge suke ba, tsakanin ƙauyuka da gonaki suke yawo. A 1996 sun ragu zuwa kimanin 50, su ne kuma ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. Da aka hana farautarsu, mazauna wurin kuma suka yarda su zauna tare da su, sun haura 600. A 2018 aka kwashi takwas daga cikinsu aka kai gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace shekaru da dama. Idan raƙumin dawa ya samu wuri a gefen gonar talaka, zomo da bushiya da makwarwa da ƙudan zuma ba za su rasa ba a gefen unguwa.

Uzurin mai ƙaramin ƙarfi

Wani zai ce wannan magana ta masu hali ce. Talakan da ya tara kuɗi shekara goma ya sayi ɗan fili, ga mata ga 'ya'ya, ina ya ga wurin da zai bar wa gawo? Wani kuma zai ce, idan kowa ya yi gida mai faɗi, gari zai cinye gonaki, alhali gona a ƙasar Agiye ta riga ta yi ƙaranci, gado yana ta rarraba ta. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma shari'a ba ta kawar da kai daga gare su ba.

Addini bai haramta sare icce domin bukata ba. Lokacin da za a gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina, akwai dabinai a filin, aka sare su, aka jera gumagumansu ta wajen alƙibla. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na narko mai tsanani ga wanda ya sare magarya, shi da kansa ya fassara shi da wanda ya sare wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, da wasa da zalunci, ba da wani haƙƙi ba. Haka nan an halatta kashe abin da ke cutarwa kamar kunama da maciji mai sara, kuma manomi yana da damar korar jan baki daga geronsa. Ma'auni shi ne bukata ta gaskiya, da tsayawa a gwargwadonta.

Yalwar da ake magana a kai kuma ba tana nufin kowa ya mallaki katafaren fili ba. Mai kuɗin da ya haɗa filaye huɗu, ya zagaye da katanga mai tsawo, ya shafe ko'ina da siminti, gidansa yana da faɗi amma babu halittar da ta amfana, wannan ya fi kusa da almubazzaranci. Yalwar da ta dace da sunna ita ce ta tarayya: gidaje daidai bukata, a tsakaninsu kuma a bar fili na kowa da kowa, da itatuwansa na asali, da hanyar ruwa, da burtali. Talaka ne ya fi kowa cin moriyar wannan, domin shi ne ba shi da fanka, akuyarsa ce ke cin 'ya'yan gawo, matarsa ce ke tsinkar ganyen kuka da ɗiban aduwa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya umarci mai tsaron makiyayar da ya keɓe da ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya yi hattara da garken manyan attajirai, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da abin komawa, talaka kuwa ba shi da shi. Saboda haka, ranar da aka yanka hurumi aka sayar, dukiyar marasa ƙarfi ce aka sayar.

Ruwa ma yana da hanyarsa, kuma ba ya mantawa da ita. Kududdufi da fadama da bakin gulbi, irin su Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba mai goruba, wurare ne da Allah Ya tanada domin ruwa ya kwanta ya nutse. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Nijar, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙaddara gaskiya ce, amma cike tafki a yi gini a kansa ba tawakkali ba ne.

Abin da ya hau kan 'yan uwa

Muridin da Allah Ya hore wa fili, ya zagaya shi tukuna kafin ya kira magini, ya san abin da ke cikinsa. Idan akwai babban icce, ya nemi a tsara ɗakuna ta yadda zai faɗo a tsakar gida ko ƙofar gida. Idan babu sai toho a kan tsohon kututture, ya yi masa sassaben zamani kamar yadda ake yi a gona, domin saiwar da ta daɗe a wurin ta fi dashen da zai sha ban ruwa saurin girma. Idan dole ta sa ya sare ɗaya, ya jinkirta har tsuntsun da ya yi sheƙa a kai ya tashi da 'ya'yansa, sannan ya raini wani a madadinsa. Dogon yaro yana da inuwa kuma an gode masa, sai dai kada ya kore itatuwan gida, waɗanda suke ba da abinci da magani, kuma tsuntsaye da ƙudan zuma na ƙasar suka saba da su.

Ya bar wani ɓangare na tsakar gidansa ƙasa ba siminti, domin ruwan sama ya samu wurin shiga. Ya ajiye kasko da ruwa a gindin icce lokacin bazara. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ya nuna akwai lada a kan kowace halitta mai rai. Ya hana 'ya'yansa harbin tsuntsaye da danƙo don wasa, ya gaya musu dalili. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da Musulmi ya dasa ko ya shuka, sadaka ce a gare shi. Ke nan magaryar ƙofar gida tana iya ci gaba da rubuta wa mai ita lada yana cikin kabarinsa.

Muƙaddamai da limamai suna da nauyi na musamman. Zawiyya ita ce madubin unguwa. Idan aka samu filin zawiyya ko makarantar allo, kada a cike shi da gini bango da bango. A bar harabar da za a yi wazifa da zikirin Juma'a a inuwa, a kiyaye itatuwan maƙabarta da na filin idi. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana, yana iya sayen fili a gefen gari ya yi wakafinsa a matsayin hurumi, a rubuta a gaban shaidu da hukuma cewa ba a sayarwa kuma ba a gini a kai. 'Yan uwa da Allah Ya ɗora a kan sarautar gargajiya, ko ofishin magajin gari, ko hukumar filaye, su tuna cewa sa hannu ɗaya yana iya kashe burtalin da aka gada tun kaka da kakanni, kuma rigingimu da yawa tsakanin manomi da makiyayi daga toshe burtali suke farawa. Mutanen Ɗan Saga sun nuna cewa jama'a za ta iya yi wa kanta doka ta kuma tsare ta. 'Yan ɗarika, waɗanda suke haɗuwa kullum a da'ira ɗaya ƙarƙashin jagora ɗaya, sun fi kowa sauƙin yin haka a unguwanninsu.

Kada kuma wani ya ce zamani ya lalace, me icce ɗaya zai gyara. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) cewa ko da Alƙiyama za ta tsaya alhali akwai ɗan dashen dabino a hannun mutum, in ya samu iko ya dasa shi. Bawa aikinsa ya dasa, ya raina, ya kyautata niyya. Girman iccen da wanda zai sha inuwarsa, wannan yana hannun Ubangiji.

Allah Ya sanya gidajen Musulmi su zama masu yalwa da albarka, Ya shayar da ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Runji da sauran ƙasashen Musulmi ruwa mai amfani ba mai cutarwa ba. Ya jiƙan magabatan da suka bar itatuwan da ake shan inuwarsu a yau, Ya ba na baya ikon barin irinsu. Ya tausasa zukata ga dukkan halittunSa, albarkar Shugaban halitta (SAW) da albarkar Shehu Ahmadu Tijjani (RA) da sauran bayinSa na gari. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, amin.